Shawara da Lambar Bilirubin: Yadda Ake Karanta Takardar Gwaji da Abin da Za a Yi Bayan Nan

Sakamako ɗaya na gwajin bilirubin, sinadarin da ke sa idon mai shawara ya yi rawaya, a ce 12 mg/dL, ana iya rubuta wa mutum uku a rana guda: jaririn da aka haifa jiya da daddare, jaririn da gobe ne sunansa, da magidanci ɗan shekara 55. Na farkon sai an kwantar da shi yanzu a fara magani. Na biyun, idan watanninsa sun cika kuma yana kama nono sosai, yawanci sa ido za a yi a sake aunawa. Shi kuwa magidancin, lambar ba za ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ba, amma tana shaida cewa akwai matsala a jininsa, ko hantarsa, ko hanyar madaciyarsa, kuma dole a nemo ta. Shi ya sa idan ɗan'uwa ya turo maka hoton takarda ta WhatsApp yana tambayar ko abin ya yi yawa, ba ka da amsa sai ka san shekarun mai takardar, ko awowinsa in jariri ne, ka san wane kashi na bilirubin ɗin ne ya hau, ka kuma san abin da jikin yake nunawa.

Wanda ke da jaririn da idonsa ya yi rawaya a yanzu, ya fara kai shi a auna, karatun ya biyo baya.

Inda bilirubin yake fitowa

Jajayen ƙwayoyin jini ba sa dawwama. A jikin babba kowace ƙwaya tana yin kimanin kwana 120, sannan saifa ta farfasa ta. Jiki yana adana sinadarin ƙarfen da ke ciki don ƙera sababbi, ragowar launin jinin kuma shi ne yake rikiɗa ya zama bilirubin, abu mai ruwan ɗorawa. A wannan matakin ɗanye ne, ba ya narkewa a ruwa, ƙoda ba ta iya fitar da shi. Wani furotin na jini mai suna albumin ne yake goya shi zuwa hanta. Hanta ta sarrafa shi ya zama mai narkewa, ta zuba shi cikin ruwan madaciya, ya gangara hanji. Launin bayan gida daga nan yake, ɗan abin da ya koma jini kuma shi ke ba fitsari nasa launin.

Ka ɗauke shi kamar injin niƙa na unguwa ranar jajibirin salla. Kwanuka suna taruwa a bakin inji ne saboda ɗayan uku: an kawo hatsi fiye da ƙarfin injin, ko injin ya samu matsala, ko bakin da gari ke fita ya toshe. Jini yana farfashewa da yawa, hanta ta gaza, ko hanyar madaciya ta toshe. Duk binciken da likita zai yi wa mai shawara, ƙoƙarin gano wanne ne cikin ukun nan.

Mataki na 1: a duba a hasken rana

A baƙar fata rawaya ba ta saurin fitowa, don haka farin ido ake dubawa, da dasashi, da ƙarƙashin harshe. A fito tsakar gida ko bakin taga. Fitilar caji da ƙwan lantarki suna ruɗin ido ƙwarai. A babba, rawayar tana fara bayyana ne idan bilirubin ya kai wajen 2 zuwa 3 mg/dL, wato ido ba ya ganin ƙaramin hawa.

Abu biyu suna yawan tsorata mutane a banza. Masu wuni cikin rana da ƙura, kamar manoma da 'yan acaɓa, tsakiyar farin idonsu kan yi ƙasa-ƙasa. A ɗaga fatar idon ta sama, a ce mutum ya kalli ƙasa, a duba ɓangaren da kullum yake rufe. In fari ne tas, da wuya a ce shawara ce. Haka yaron da ake yawan ba manja, karas ko mangwaro, tafin hannunsa kan yi rawaya alhali idonsa fari fat. Wannan launin abinci ne.

Mataki na 2: fitsari, bayan gida, da tarihin kwanakin baya

Kafin a je asibiti a lura da waɗannan, don su ne likita zai fara tambaya. Fitsarin ya koma kalar shayin da ba madara? Bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa? Akwai ƙaiƙayin jiki mai hana barci? Ukun nan tare suna nuni da cewa bilirubin ya wuce hanta amma bai samu hanyar hanji ba. Akwai zazzaɓi, amai, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, rama? An yi ƙarin jini kwanan nan? Akwai mai irin wannan a gida ko a makaranta?

Sannan a tattara duk abin da mutum yake sha a zuba a leda a tafi da shi: na asibiti, na kyamis, na masu yawo da lasifika a kasuwa, jiƙo da tsimi da garin da ake sha da nono. Ɓoye na gargajiya don tsoron faɗan likita yana ɓata lokaci, domin wani sa'in shi ne amsar gaba ɗaya.

Mataki na 3: gwajin da za a nema

A Zariya ba a rasa wurin aunawa: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, asibitin Wusasa, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu a Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru. Shawarata ita ce a fara ganin likita kafin lab. Wanda ya kai kansa lab kai tsaye yakan biya kuɗin gwaji guda, ya fito da lamba guda wadda ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

Abin da ake bukata shi ne jimlar bilirubin tare da kashin da hanta ta riga ta sarrafa. Ma'aikatan lab suna kiran sarrafaffen "dairek" ko "konjugeted", ɗanyen kuma "indairek". Yawanci suna zuwa cikin gwajin hanta na LFT, tare da ALT, AST da ALP, sinadaran da ke hawa a jini idan hanta ko hanyar madaciya ta samu matsala, da kuma albumin. Likita kan ƙara da PCV don ganin yawan jini, gwajin maleriya, HBsAg na hepatitis B, gwajin hepatitis C, jinotayif, da hoton ciki idan ana zargin toshewa.

Haske yana lalata bilirubin a cikin kwalba. In kai aka ba jinin ka kai wani lab, ka naɗe kwalbar da takarda ko baƙar leda, ka tafi kai tsaye, kada ka tsaya hira da ita a aljihun gaban riga cikin rana. Jinin da ya sha haske yana ba da lamba ƙasa da ta gaskiya, wannan kuwa ga jariri haɗari ne.

Mataki na 4: a kalli ma'aunin kafin lambar

Nan ne ake yawan tuntuɓe. Wasu lab suna rubuta mg/dL, wasu µmol/L. 1 mg/dL daidai yake da 17.1 µmol/L, don haka a raba lambar µmol/L gida 17 a samu ta mg/dL. A babba mai lafiya jimla tana tsakanin 0.3 da 1.2 mg/dL, wato kimanin 5 zuwa 21 µmol/L, sarrafaffen kuma ba ya wuce 0.3 mg/dL, kimanin 5 µmol/L. Kowane lab yana buga iyakarsa a gefen takarda, ita za a bi in ta ɗan bambanta.

Misali, jiya wani lab ya ba da 14, yau wani ya ba da 190, gida ya rikice da salati. In na jiya mg/dL ne na yau kuma µmol/L, 190 ɗin kimanin 11 ne, wato sauƙi aka samu. Akasin haka ya fi muni: a ga 20 a takardar jariri, wani ya tuna ai an ce har 21 lafiya lau ne, alhali 20 mg/dL aka rubuta, wato sama da 340 µmol/L. In da hali a riƙa maimaita gwaji a lab ɗaya.

Ɗanyen ba a cika rubuta shi ba. A cire sarrafaffen daga jimla, abin da ya rage shi ne.

Mataki na 5: wanne ne ya hau, kuma da wa ya taho

Idan ɗanyen ne ya hau, ALT da AST suna daidai, PCV kuma ya faɗi, jini ne yake farfashewa. A nan maleriya mai tsanani ce kan gaba, sai sikila, sai ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa, sai ƙarin jinin da bai dace ba. Ƙwayar jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, shi ya sa da yawansu idonsu kullum da ɗan rawaya ko suna cikin lafiya. Yana da amfani mai sikila ya san lambarsa ta lokacin lafiya, ya rubuta ta a katinsa. Ranar da rawayar ta zarce yadda aka saba, musamman da zazzaɓi, kasala ko ciwon ciki ta dama, ba a cewa ai dama haka idonsa yake. Tsakuwar madaciya tana yawan kama masu sikila tun suna matasa.

Idan ɗanyen ne ya ɗan hau, sauran gwaje-gwaje duka lafiya lau, jini bai ragu ba, akwai wani hali na gado da ake kira Gilbat, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1901. Hantar mai shi lafiyarta ƙalau, saurin sarrafawarta ne kawai ya ɗan gaza. Yunwa, gajiya, rashin barci ko zazzaɓi su ke tayar da shi, kuma yawanci lambar ba ta wuce 3 zuwa 4 mg/dL. Saurayin da idonsa kan ɗan yi rawaya a goman ƙarshe na azumi ko lokacin jarrabawa a harabar jami'a ta Samaru ko Kongo, ya washe bayan salla, sau da yawa wannan ne. Ba ya bukatar magani. Amma likita ne zai faɗi haka bayan ya kore sauran dalilai.

Idan ALT da AST sun yi tashin gwauron zabi, ɗaruruwa ko dubbai, hanta ce ta kumbura. Hepatitis A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, sukan yawaita inda ruwan sha ya haɗu da na masai, kuma akasari suna warkewa da kansu cikin makonni. B da C ta jini suke bi: daga uwa zuwa jariri, askar wanzami ɗaya a kan mutane da yawa, kaciya da tsaga da kayan da ba a dafa ba, rezar yankan farce, allurar da aka maimaita, da saduwa. Cin abinci a kwano ɗaya ba ya yaɗa su, don haka ware wa mai hepatitis B kwanonsa da kofinsa wulaƙanci ne kawai. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da B. Mafi yawansu idonsu fari, bilirubin ɗinsu daidai, ba su san suna da shi ba. Don haka kyakkyawar lambar bilirubin ba shaidar lafiyar hanta ba ce, gwajin HBsAg daban yake. Hepatitis C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin kimanin makonni 12. B kuwa ba kowa ake ɗora wa magani ba, sai an auna yawan ƙwayar cutar da halin hanta, amma kowa yana bukatar bibiya, kuma matarsa ko mijinta da 'ya'ya su yi gwaji su karɓi rigakafi. Mai B ya yi nesa da giya, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a rumbu, don gubar fumfunar tana haɗa kai da cutar wajen kawo kansar hanta.

Magunguna ma suna kumbura hanta. Mai shan maganin tarin fuka da ya ga idonsa ya canza ko amai ya matsa masa, ya dakata da sha ya koma inda ake ba shi maganin a ranar, kada ya zauna a gida ya ɓace musu. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, wato ƙwaya 8 masu 500, kuma a tuna yawancin magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi a ciki. Akwai kuma wani maganin HIV, atazanabir, da ke sa ido rawaya ba tare da ya cutar da hanta ba. Shi ba a daina shi, a gaya wa asibiti kawai.

Idan sarrafaffen ne ya fi yawa, ALP ya hau sosai, ga farin bayan gida da ƙaiƙayi, hanya ce ta toshe, hoton ciki ne mataki na gaba. Tsakuwa takan zo da ciwo mai tsanani. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce shawarar da ba ciwo a dattijo, tana ƙaruwa a hankali yana ramewa, domin ƙari a kan fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, ko a bututun madaciya haka yake sallama. Rashin ciwon ne yake sa a yi wata uku ana jiƙo.

Game da jiƙon, kowa ya san saiwar rawaya da ake ba mai shawara a ƙasar Hausa, kuma kowa yana da wanda ya sha ya warke. Mai hepatitis A dama zai warke ko ya sha ko bai sha ba, sai abin da ya sha na ƙarshe ya kwashe yabo. Ba jiƙon da zai buɗe bututun da tsakuwa ta toshe, hantar da ke kumbure kuma ita ce za ta yi dakon sarrafa duk abin da aka ɗura. Haka hana majiyyaci nama, ƙwai da wake, a bar shi da rake da ruwan gulukos, rama kawai yake ƙara masa. Ya ci abin da ransa ya karɓa, kaɗan-kaɗan, ya sha ruwa mai tsabta.

Ba a kwana da babba mai shawara a gida idan ya fara ruɗewa ko surutai, yana barcin rana yana farke dare, yana aman jini ko baƙin bayan gida, dasashinsa na zubar jini, cikinsa ya kumbura, fitsari ya ragu, ko zazzaɓi da rawar sanyi sun haɗu da ciwon dama. Mace mai ciki kuwa, ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, rawayar ido kaɗai ta isa a tafi asibiti a ranar. Hepatitis E yana tsananta ga masu juna biyu, hawan jinin ciki ma yana taɓa hanta.

Jarirai: nan awa ake ƙirgawa

Kimanin jarirai 6 cikin 10 da watanninsu suka cika, da 8 cikin 10 na bakwaini, suna yin shawara a makon farko. An haife su da jini mai yawa, ƙwayoyinsa ba sa daɗewa kamar na manya, hanta kuma ba ta gama ƙwari ba. Irin wadda aka saba tana fitowa bayan awa 24, ta kai ƙololuwa tsakanin kwana na 3 da na 5, ta washe kafin mako biyu. Yawanta ne ya sa ake raina ta. Amma a jariri ɗanyen bilirubin yana iya ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta gyaruwa: kurumta, sanƙarewar gaɓoɓi, yaron da ba zai zauna ko ya yi tafiya ba, ko rasa rai.

Ku dubi lokacin. Ƙololuwar tana faɗowa ne daidai kwanakin da maijego take ƙuryar ɗaki, labule a sauke, jariri naɗe cikin zannuwa da hula, gida kuma ya shagala da 'yan barka da shirin suna. Wadda ta haihu a asibiti an riga an sallamo ta, wadda ta haihu a hannun ungozoma ba wanda ya ce ta koma ko'ina. Saboda haka aikin dubawa na gida ne.

Kullum da safe, tun daga ranar farko har suna ya wuce, a fito da jariri inda haske yake, a tuɓe shi. A danna yatsa a goshi ko kan hanci na ɗan lokaci a ɗaga, a kalli launin wurin kafin jini ya dawo. A duba ido da dasashi. Rawayar daga kai take farawa ta gangara: fuska, ƙirji, ciki, cinyoyi, ƙarshe tafin hannu da na ƙafa. Ido yana nuna akwai ta, amma ba ya auna yawanta, musamman a baƙar fata. Duk jaririn da aka ga rawaya a jikinsa a auna jininsa.

Waɗannan kuwa ba sa jiran wayewar gari: rawaya cikin awa 24 na farko, rawayar da ta kai tafin hannu ko ƙafa, bakwaini ko ƙaramin jariri, ƙin kama nono, barcin da sai an yi da gaske ake tayar da shi, zazzaɓi ko sanyin jiki, kuka mai tsini, banƙarewar wuya da baya, jijjiga. Banƙarewa da irin wannan kukan alamar bilirubin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa ce. Masu zuwa daga Giwa, Soba, Maƙarfi ko Kudan su nufi asibitin da ke da sashen jarirai kai tsaye, kamar na Shika, maimakon a ɓata yini ana bin ƙananan wurare da ba su da fitilar magani.

Maigida, in tafiya ta kama ka a makon haihuwa, ka bar izini da kuɗin mota tun kafin ka fita, ka faɗa a gaban mahaifiyarka cewa in an ga canji a tafi ba sai an same ka a waya ba. Kakanni sun raini 'ya'ya da yawa da suka yi shawara suka warke, don haka in suka ce ba komai, ba ƙarya suke yi ba, abin da suka gani suke faɗa. Musu ba ya kai yaro asibiti. Abin da ya fi aiki shi ne, "Hajiya, ba mu ƙi ta taku ba. A yi haƙuri a bari a ɗiga jininsa a auna, in ba komai yanzu za mu dawo. Ko za ku raka mu?"

A asibiti ku faɗi ranar haihuwa da awarta daidai, don da awa ake karanta lambar. A jadawalin NICE, hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Birtaniya, ga jaririn da ya cika mako 38, ana fara maganin haske, wato sa jariri ƙarƙashin fitilar asibiti, idan jimla ta wuce 200 µmol/L a awa 24, 250 a awa 48, 300 a awa 72, da 350 daga awa 96. A mg/dL kimanin 12, 15, 17.5 da 20 ke nan. Na bakwaini ya fi haka ƙasa sosai, kuma likita yana iya farawa tun ba a kai nan ba idan yaro ba shi da lafiya ko jininsa yana farfashewa da sauri. Iyakar manya da aka buga a gefen takarda ba ta shafi jariri ba.

Za a duba rukunin jinin uwa da na ɗa. Uwa mai O da ɗa mai A ko B, ko uwa mai Rh negetif da ɗa mai fozitif, garkuwar jikin uwar tana iya farfasa jinin ɗan. Za a nemi alamar ƙwayar cuta, wadda sau da yawa ta cibiya take shiga. In da hali a gwada G6PD. Ƙarancinsa gado ne, ya yawaita a Najeriya, ya fi kama maza, kuma yaron lafiyarsa lau har sai ya haɗu da abin da zai fasa masa jini. Babban mai laifi a gidajenmu shi ne kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai. Warinsa kaɗai a jikin tufafi ya isa. Sai man zafi da hoda masu mentol da ake shafa wa cibiya ko ƙirji, sai lalle a jikin jariri. Tunda ba a san wane yaro ne yake da ƙarancin ba, a raba kowane jariri da su, kayan da suka kwana da kafur kuma a wanke a shanya sosai tun kafin haihuwa.

Ruwan gulukos, ɗigon ampikulos, ruwan ɗanyar gwanda da jiƙe-jiƙe ba sa sauke bilirubin. Suna cika cikin yaro ya rage shan nono, alhali nono ne yake tura bilirubin waje ta kashi. A ba shi dakashi tun awar farko, a shayar sau 8 zuwa 12 a yini da dare, mai yawan barci a tashe shi.

Shanya jariri a rana fa? Asalin maganin haske daga rana aka gano shi. A shekarun 1950 wata nas a asibitin Rochford na Ingila, Jean Ward, ta lura jariran da take fitarwa rana suna washewa, aka buga binciken farko a 1958. An kuma yi gwaji a Legas, aka buga a 2015, inda aka sa jarirai ƙarƙashin rumfa mai leda ta musamman da ke tace hasken da ke ƙona fata, ma'aikata suna auna zafin jikinsu a kai a kai, kuma ya yi aiki ga shawarar da ba ta tsananta ba. Wannan daban yake da ajiye jariri tsirara a tsakar gida cikin ranar Zariya, inda zai ƙone ko ya bushe, ko cikin hunturu sanyi ya kama shi. Mafi muni, ana shanyawa ana ganin ana magani, lamba tana hawa.

Fitilar asibiti shuɗin haske take bayarwa, wanda ke juya bilirubin a cikin fata ya zama mai fita ba sai hanta ta sarrafa ba. Ba zafi ne maganin ba, kuma ƙwan lantarkin gida da aka shafa wa shuɗin fenti ba ya yi. Za a tuɓe yaro a bar masa kunzugu, a rufe masa ido. Kada a lulluɓe shi don tausayi, kada a shafa masa mai. A ciro shi a shayar a mayar da wuri. Kashinsa zai yi ruwa-ruwa kore, wannan ba abin damuwa ba ne. Ku tambaya ko akwai wutar ko-ta-kwana in an ɗauke lantarki. Kada ku nemi sallama don ido ya ga ya washe, fata tana riga jini washewa a ƙarƙashin fitila. Gwaji ne zai nuna, kuma akan sake aunawa bayan an kashe fitilar don wani lokacin lambar tana sake hawa. In ranar suna ta riske ku a asibiti, a raɗa suna a yanka rago a gida, taron mata ya jira.

Idan lambar ta yi nisa ko alamun ƙwaƙwalwa sun fara, za a ce a yi canjin jini. Ta jijiyar cibiya ake zare nasa kaɗan-kaɗan ana mayar da wani har a wanke yawancin bilirubin ɗin. Jin sunan yana tayar da hankali, har wasu iyaye su sa hannu su ɗauke yaro. A wannan gaɓar kowace awa tana da tsada, abin da ya dace dangi su yi shi ne su miƙe neman masu ba da jini.

Bayan an dawo gida

Jaririn da lambarsa ta yi sama sosai ko aka yi masa canjin jini, a kai shi gwajin ji, a kuma riƙa zuwa asibitin yara ana duba riƙe wuyansa, zamansa da tsayuwarsa. In an tabbatar yana da ƙarancin G6PD a rubuta a katinsa, a riƙa faɗa wa duk mai rubuta masa magani har girmansa, don akwai magunguna irin su firimakwin da wasu na ciwon fitsari da ba su dace da shi ba.

Shawarar da ta wuce kwana 14, ko kwana 21 a bakwaini, a koma a auna, kuma wannan karon a tabbata an raba jimla da sarrafaffen. Sau da yawa ta nonon uwa ce, marar illa, tana iya kai makonni kafin ta ɓace kuma ba a yaye yaro saboda ita. Amma in sarrafaffen ya wuce 1 mg/dL, ko kashin yaro ya yi fari-fari maimakon ruwan ƙwai, ko fitsarinsa yana rina kunzugu, ana zargin an haife shi da toshewar bututun madaciya. Tiyatar wannan ta fi nasara idan an yi ta kafin yaro ya cika kwana 60, don haka wanda ya jira a gama wankan arba'in ya cinye mafi yawan lokacin. A ɗauki hoton kashin a waya cikin hasken rana a nuna wa likita.

Uwa mai Rh negetif da ta haifi ɗa mai fozitif tana bukatar allurar anti-D cikin awa 72 da haihuwa, haka ma bayan ɓari, don kare cikin da zai biyo baya. Allurar rigakafin hepatitis B ta farko kuma cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi wa kowane jariri, ko a gida aka haife shi, sauran su biyo a mako na 6, na 10 da na 14. Matar da ɗanta na baya ya yi shawara har aka sa shi a fitila ta faɗi haka tun ranar da ta fara awon ciki, ta haihu a asibiti, ta kuma nemi a auna sabon jaririn kafin a sallame su, a sake aunawa bayan kwana ɗaya ko biyu.